Sharar Kailu

Wata bakwai Hamida ta yi tana buɗe butik ɗinta, wato shagonta, a bakin kasuwar Filinge kafin wani ya yarda ya bar mata odinatar, wato kwamfuta, ta kwana a hannunta. Wata bakwai, jama'a! Ga allo a bakin ƙofa an rubuta da shuɗin fenti, HAMIDA GYARAN ODINATAR. Ga takardar diplom ɗin da ta samo a Yamai rataye cikin gilashi. Ga farantin sola bisa rufi, wanda ta saya bayan ta sayar da saniyar da marigayiya uwarta ta bar mata. Amma mutum zai shigo da na'urarsa a hamata, ya dube ta, ya leƙa bayanta, ya ce, "Ina mai gyaran?" In ta ce ita ce, sai ya ce to, bari ya je ya dawo. Ba ya dawowa. Ya gwammace ya ba direba ya kai Yamai, a yi sati biyu, a dawo masa da ita an musanya batir ɗinta da tsoho, da ya bar wa ɗiyar Abdu mai gero.

Abin da ya riƙe butik ɗin a watannin nan cajin salula ne da zuba wa mutane wa'azi da kiɗa a waya. Sai kuma Saratu, wadda ke suyar fanke a gindin itacen bedi, wato dogon-yaro, da ke bakin ƙofa. Saratu ƴar Bonkuku ce, aure ya kawo ta Filinge gidan Magagi mai facin taya. Shekara bakwai da aure, ƴaƴa biyar, na ƙarshen ya kusa tafiya da ita, don sai da aka ƙara mata jini. Kullum da hantsi takan miƙo wa Hamida fanke uku a takarda ta ce, "Ci, malama. Suna zuwa. Ran da sunka gane ki, ko wurin zama ba ki samu."

Hamida mutum ce mai tsari har ya so ya yi yawa. Malaminta na Yamai ya koya mata abu guda da ta riƙe gam: duk na'urar da ta shigo, a yanki takarda a rubuta sunan mai ita, da ciwonta, da kod ɗin buɗe ta, a manna a bisa murfi, don kada kayan wani su shiga na wani. Ko salular da aka kawo caji sai ta manna mata takarda. Tana alfahari da wannan tsari ƙwarai.

Ranar bakwai ga watan cika-ciki, wato Muharram, Madam Kubura ta shigo. Ita ce ungozomar wata ƙaramar likita, wato asibiti, da ke bayan gari, babbar mace mai tabarau, wadda rabin yaran unguwannin can a hannunta suka faɗo duniya. Ta ajiye odinatar baƙa bisa tebur, ba ta leƙa bayan Hamida ba, ba ta tambayi mai gyara ba.

"Ɗiyata, wagga aba tana ɗaukar zahi ta mutu da kanta, ina tsakiyar aiki," in ji ta. "An ce in aika Yamai. In na aika, hannu goma za su taɓa ta kahin ta dawo. Abin da ke cikinta ya hi ta tsada nesa ba kusa ba. Ke macce ta, shi ya sa na zo wurinki."

Daɗi ya kama Hamida. Ta ce, "Madam, ba mai taɓa ta sai ni. Ni ɗin ma ba ni buɗa abin da bai shahe ni ba. Na yi miki alkawari."

Madam ta faɗa mata kod ɗin a hankali, har tana waiwayen ƙofa. Hamida ta rubuta a takarda, ta manna a murfi yadda ta saba.

Aikin bai fi ƙarfinta ba. Ta kwance bayan na'urar, ta tarar fankar ciki ta toshe da datti har ta daina juyawa, man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kuma ya bushe ya zama gari. Ta share, ta goge, ta shafa sabo, ta mayar da kowace kusa raminta. Ta kunna ta bar ta tun safe har la'asar, ba ta mutu ba. Washegari ma haka. Ta riga ta ga yadda za ta kasance: Madam ta faɗa wa ma'aikatan likita, su faɗa wa malaman lakwal, wato makarantar boko, su faɗa wa na ofis-ofis. Sunanta kawai take nema a garin nan, a ce Hamida ta iya kuma tana da amana. Ta kira Madam ta ce ta zo ran goma ga wata da marece ta ɗauka.

To, ran goma ga wata ita ce ranar shara.

Wanda bai san Kailu ba sai a ce ya huta. Ɗan Gwaggo Jummai ne, ƙanwar baban Hamida, wato taubashinta na jini. Ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar fasinja a babur, mai baki kamar rediyo, ya yi lakwal har aji uku na kwaleji kafin ya gaji. A danginsu, duk shekara ran cika-ciki ɗan mace kan ɗauki tsintsiya ya je ya share ƙofar ɗan namiji, a ba shi shararsa, ko goro ne, ko hula, ko zakara. In ba a ba shi ba, ya ɗauke abin da hannunsa ya kai, sai an fanshe. Kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin dariya har shekara ta zagayo. Tun suna yara Kailu ya ɗauke wa Hamida takalmi, ya ɗauke kallabi, wata shekara tukunyar miya ya sauke daga murhu ya gudu da ita, gida duka ana riƙe ciki.

Da hantsi ya faka babur, ya fito da wata guntuwar tsintsiya, ya hau sharar ƙofar butik yana tada ƙasa har cikin man Saratu.

"Uwar ɗakina! Bawanki ya zo shara! Yau ba goro nika so ba, ke da ke da kamfani!"

"Kailu, don Allah ka dawo da marece," in ji Hamida tana dariya. "Ina da aiki. Wallahi na aje maka abinka gida."

"Kowace shekara haka kika cewa, marowaciya."

Wani tsoho ya miƙo salularsa ta taga, ta juya ta sa masa a caji. Juyawar nan ce kawai. Da ta waiwayo, teburin wayam, Kailu kuma ya riga ya haye babur da odinatar Madam a cikin rigarsa.

"Kailu! Ba tawa ba ce! Kailu, ka ji tsoron Allah!"

"Kawo shara ki amshi kayanki!" ya ce, ya ba babur wuta. Masu teburan kusa suka fashe da dariya, har Saratu ta yi dariya tana share hawayen hayaƙi. Ai kowa ya san ranar.

Ta kira wayarsa, ya ɗauka ya yi mata kukan akuya ya kashe. Ta rufe butik ta ruga gida wurin babanta. Malam Abdu na zaune a zaure yana gyara bakin buhu, ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Yo ke ba ki san Kailu ba? Cin ta zai yi? Ba shi zakaran nan ja, shi maido miki." Ta je gidan Gwaggo Jummai, ita kuma har da tafa hannu: "Ya yi min daidai! Ke da kin samu kamfani kin manta da bayinki." Ta bi tashar ƴan kabu-kabu, an ce ya ɗauki fasinja. Ta bi bakin kasuwa, ba shi. Rana ta take, ta karkata, tana yawo da zakara a hamata kamar mahaukaciya, duk wanda ta tambaya sai ya yi dariya tukuna kafin ya ce bai gan shi ba.

Sai bayan la'asar wani ya ce mata ai suna fadarsu, bayan gidan mai, inda suke shan shayi. Mace ba ta zuwa fadar maza haka kawai, amma ta je.

Tun daga nesa ta ji muryarsa. Maza sun fi goma sun yi da'ira, butar shayi na tafasa ba mai kula ta. Kailu na bisa benci, odinatar a buɗe a cinyarsa. Fim ya nema a ciki, in ji shi daga baya. Kod ɗin kuwa ba sai ya wahala ba, ga shi nan a murfi da kyakkyawan rubutun Hamida. Bai samu fim ba, sai ya samu rajistar Madam: sunayen matan da ke zuwa allurar hutun haihuwa, kowace da sunan mijinta, da unguwarta, da ranar da za ta koma. Da yawansu mazansu ba su sani ba. Shi ne ya gyara murya irin ta mushe, malamin lakwal, yana kiran suna, sauran na amsawa da muryar mata, "Firezan, mushe!" wato ga ni nan, ana faɗuwa ƙasa don dariya. Biyu daga cikinsu sun ɗaga salula suna ɗaukar hoton gilashin odinatar ɗin.

Hamida ta saki zakaran ta kutsa. Ba ta kai ba.

"Saratu, matar Magagi, mai faci," in ji Kailu. Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa.

Ba wanda ya amsa. Magagi na zaune a wurin, kofin shayi a hannunsa. Ya ajiye kofin a hankali, ya tashi, ya zo ya duƙa ya dubi gilashin, ko da yake ba ya karatun boko. Ya ce, "Sake karanta min." Kailu ya ce ai wasa ne, ƙila wata Saratun ce. Magagi ya ce, "Magagi mai faci nawa ne garin ga?" Ya sa takalmansa ya tafi.

Hamida ta fizge na'urar ta rungume a ƙirji. Kailu ya dube ta da wata guntuwar dariya da ta rage masa a baki, ya ce, "To ina zakaran nawa?"

Kafin magariba hotunan sun zaga wayoyin Filinge, kafin sallar asuba sun kai Abala da Sanam. Madam Kubura ta zo da marecen kamar yadda aka yi, ta tarar da Hamida zaune ta haɗa kai da gwiwa. Ta riga ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ɗauki odinatar, ta dubi takardar da ke murfi, ta ɓare ta da farce, ta ajiye wa Hamida bisa tebur.

"Shekara goma sha ɗaya ina lallashin matan ga su yarda da ni," in ji ta. "Wasu da lulluɓi suka zuwa, su ce ciwon kai ya kawo su. Na ce miki abin da ke ciki ya hi ta tsada. Kin gyara ta, na gani, ba ta zahi. Sannu da aiki."

"Madam, ɗauke ta anka yi. Taubashina..."

"Ni ban ba taubashinki ba. Ke na ba."

Washegari Saratu ba ta fito suya ba. Jibi ma haka. Rana ta uku Hamida ta gan ta a tashar motar Bonkuku, da jariri a baya, da ƙullin kaya a ka, gefen fuskarta a kumbure. Manyan yaran huɗu Magagi ya riƙe. An ce ya ce ba hutun haihuwar ne ya dame shi ba, shi ma ya ga yadda ta sha wuya, amma a ce a gaban abokansa, a fada, a bakin Kailu zai ji sirrin ɗakinsa? Hamida ta durƙusa a gabanta cikin mutane tana kuka tana neman gafara. Saratu ta dube ta, idanunta a bushe.

"Ni ban san mi a odinatar ba, Hamida," ta ce. "Sunana kawai na ba Madam, don kar in mutu in bar su. Tashi, mutane na kallo."

Mota ta cika, ta tafi.

A gari kuwa ba wanda ya ce Kailu. Abin haushin ke nan. Kailu ai wasa ya yi, ranar shara ce, kowa ya san halinsa. Abin da ake cewa shi ne, "Kar ka kai na'urarka wurin ɗiyar Abdu, asirinka bisa titi." Waɗanda ba su taɓa kawo mata ko linzamin odinatar ba su suka fi kowa cewa da ma sun faɗa. Masu cajin salula ma suka janye, kowa na tsoron abin da ke cikin wayarsa. Wata mata da sunanta ke cikin rajistar ta zo ta tofa yawu a ƙofar butik ta wuce. Hamida ta zauna kwana goma sha biyar tana kallon duwatsun murhun Saratu guda uku a gindin bedi, ba wanda ya shigo.

Ta ce wa babanta za ta kai ƙara kwamisariya, wurin ƴan sanda, a rubuta cewa sace na'urar aka yi daga teburinta, ko sunanta ya wanku. Malam Abdu ya ajiye carbinsa.

"Ki kai wa? Ɗan Jummai? Taubashinki? Ran shara?" Ya girgiza kai. "Tun kakannin kakanninmu ba a taɓa yi ba, ba kuwa daga gidana za a fara ba. In kin kai shi, ki nemi wani uban."

"Baba, aure ya mutu. Sana'ata ta mutu."

"Abin da ya wuce ya wuce. Yaron ga ya yi nadama, ko abinci ba shi ci. Gwaggonki ta ce za su taho ran Juma'a, kahin wata shi mutu, shi sake shara, ki ba shi abinshi da hannunki, a yi dariya, magana ta ƙare. Haka al'ada ta ce, haka za a yi."

Hamida ta miƙe tsaye. Sannan ta ce, "To, Baba."

Ran Alhamis ta je butik ita kaɗai. Ta bi gida-gida ta mayar da ƴan wayoyi biyu da aka manta a wurinta. Ta sauke diplom ɗin daga bango, ta naɗe ƙananan kayan aikinta a tsumma, ta share ɗakin tas, ta sa kwaɗo.

Ran Juma'a da safe tsakar gidan Malam Abdu ya cika. Gwaggo Jummai ta zo da ƴaƴanta da surukai, an shimfiɗa tabarmi, an dama fura. Kailu ya shigo da sabuwar tsintsiya, ya rame kaɗan, gaskiya, amma da ya ga jama'a sai bakin ya dawo. Ya duƙa yana share ƙofar ɗakin Hamida yana waƙe-waƙe.

"Uwar ɗakina, bawanki ya yi laihi, bawanki ya tuba! A ji ƙan bawa, a ba shi ko ƙashin zakara!"

Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka ƙosa a wuce wurin. Hamida ta fito da lulluɓinta, fuskarta ba fushi ba fara'a. Ta ce, "Miƙo hannu, bawa." Ya miƙa hannu biyu yana lanƙwasa wuya. Ta saka masa mabuɗin butik.

Wuri ya kaure da shewa. Gwaggo Jummai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai! Yau bawa ya gaji kamfani!" Kailu ya ɗaga mabuɗin sama yana rawa, yana cewa daga yau a kira shi injiniya. Malam Abdu ma ya yi dariya har da tari, ransa ya yi sanyi, ɗiyarsa ta san wasa. Da aka lafa, Kailu ya matso ya miƙo mata.

"To amshi abinki, na gode. Zakaran dai nika so."

Hamida ba ta ɗaga hannu ba.

"Gwaggo," ta ce, "ke kin hi ni sani. Abin da anka bayar shara, ana maido shi?"

Gwaggo Jummai ta buɗe baki da sauran dariya a ciki. "A'a, ba a maidowa, amma ai wanga..."

"Baba, ana maidowa?"

Malam Abdu ya dube ta. Sai yanzu ya lura da idanunta. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi mabuɗin da ke hannun Kailu. Saniyar marigayiya ce a cikin mabuɗin nan, da shekara biyu na Yamai, da wata bakwai na zaman jira, ya sani sarai. Shi ya ce a bi al'ada, a gaban kowa ya faɗa.

"Ba a maidowa," ya ce, da ƙyar aka ji shi.

"To, madalla. Akwai sola bisa, akwai tebur, akwai allo da sunana. Sunan ka riga ka gama da shi, sauran ma ka haɗa." Ta dubi jama'ar da ke bisa tabarmi. "Ku yi dariya mana. Ba wasa muke ba?"

Ba wanda ya yi. Ta koma ɗaki ta saki labule, ta bar Kailu tsaye a tsakar gida, tsintsiya a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗaya.